Yadda Aka Leƙa Kan Yaya Rabi Don Ciwon Gwiwa

Tun da muka dawo Maradi bakina bai huta ba. In na je biki a tare ni, in na je gaisuwar mutuwa a ja ni gefe: "Zuwaira, wai da gaske ne gwiwa ke ciwo amma kai aka duba?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wadda ta ɗauka sai ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji wata tana rantsuwa wai fasa kan aka yi aka mai da. Haba jama'a! To, ga shi nan tun daga farko, kowa ya kasa kunne, don wadda ta sake tambayata bayan wannan ita da Allah.

Yaya Rabi yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Kun san ta da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mace mai ƙafa, wadda take zagaye kasuwa kafin wata ta gama ɗaura ɗankwali. Gwiwoyinta suka fara ciwo a hankali, likitocin nan suka ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Ta daina zuwa kasuwa, daga baya ta daina fita ko ƙofar gida. Wata rana na shiga ba sallama na same ta tana rarrafe za ta bayi. Abin da ya tsaya min a rai ke nan, domin kuwa haka innarmu ta ƙare: ta zauna a tabarma, ba ta sake tashi ba har Allah ya yi mata rasuwa. Na ce in ba a yi wani abu ba, Yaya ma ta zauna ke nan.

Amma je ki tambaye ta ya jiki. "Da sauƙi." Kullum da sauƙi. Matar da duk haihuwarta maƙwabta ba su taɓa jin ko tarinta ba, sai dai su ji kukan jariri, ita ce za ta ce miki gwiwa na yi mata ciwo?

Ɗanta na fari, Lawali, yana Abijan tun yana saurayi, yana aikin fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa. Shi ya matsa a waya a kawo ta. Kun dai san al'adarmu da ɗan fari, amma Yaya ta kai ta maƙura. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in za ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "mutumin Abijan". A hannun innarmu ya tashi, ni na goye shi, ni yake ce wa Inna. Da na kai mata saƙonsa cewa ta yi, "Ki ce masa ya bar wahalar da kansa, ni lafiyata ƙalau." Sai da na yi mata kuka da majina sannan ta yarda.

A tasha muka haɗu da wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda ya san hanyar nan rami-rami. Da ya ga yadda muka cicciɓo Yaya, ya bar mata kujerarsa ta bakin ƙofa inda za ta miƙe ƙafa, Allah ya saka masa. Sai dai fa bakinsa ba ya rufuwa. Kafin mu kai Dosso na san farashin albasa a ƙasashe da dama, na san sunayen surukansa duka. Shi ne kuma ya sha wankan fura. Na damo ta a galan na rufe tam, zafi ya sa ta kumbura, ina murɗa murfin ta yi tsalle ta wanke masa gaban riga. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, da kin ce in buɗe baki ai da ba a yi asara ba."

Bayan Yamai muka shiga Burkina. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shingen jandarmomi. Ko'ina aka tsaya sai kowa ya sauka da katinsa a hannu, a taka a wuce shingen, sannan a hau mota a gaba. Yaya ta ce ita ma sai ta sauka kamar kowa, ba za a ce ga raguwa a mota ba. Tana sauka tana cije leɓe, gumi na tsattsafo mata. A wani shingen jandarman da kansa ya ce a bar tsohuwa ta zauna, ita kuwa ta yi fushi wai wa ya ce masa ita tsohuwa ce. A Waga na ga mata a kan babur sai ka ce su suka ƙera shi, goyo a baya, tire a ka, suna tafe suna hira. Na ce wa Yaya in mun koma zan saya, ta ce in fara koyon hawa jaki tukuna.

A iyakar Kodebuwa ne abin ya ƙi. Tsakanin inda aka sauke mu da inda za a duba mu akwai 'yar tafiya, ga rana. Yaya ta taka kaɗan ta tsaya cak, ta dafa ni. Alhaji mai albasa ya kira wani mai baro. Ta ce, "Buhun gero ce ni?" Amma direba na ta danna oda, dole ta shiga, ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Mai baro ya zura da gudu yana ihu a ba shi hanya, ni ina biye riƙe da takalmanta ina dariya har da riƙe ciki. Da muka isa na ɗaga mayafin in tsokane ta, sai na ga hawaye shaɓe-shaɓe. Dariyar ta koma min ciki.

'Yan duwan kuma, wato kwastan, suka kwance ƙullin daddawar da muka riƙo tsaraba. Na shirya dogon bayani, sai wata ma'aikaciya ta sansana ta lumshe ido ta ce, "Sumbala!" Ashe su ma suna ci, sunan ne kawai daban. Na gutsura mata, muka rabu muna dariya.

Daga nan ƙasa ta yi ta yin kore, ruwa na sauka ba sallama, har muka shiga Abijan muka sauka a Ajame. Tabɗi! Na zaci na san cunkoso. Ƙananan motocin haya da suke kira baka suna kutsawa ta ko'ina, yaran motar na lilo a bakin ƙofa suna kiran unguwanni kamar masu faɗa. Ina cikin rarraba ido sai na ji an ce, "Sannunku da hanya, Hajiya, daga Maradi ko?" Mai sayar da takalma ne, mutumin Tawa. Na waiga nan Hausa, can Hausa, sai dai Hausar tasu ta sha Faransanci da Julanci har ta ƙoshi.

Lawali ya iso, babban mutum da furfura a gemu, ya durƙusa a cikin caɓin tasha yana gai da mahaifiyarsa. Shekaru ba su ga juna ba. Yaya ta kafa wa tayar mota ido ta ce da ni, "Zuwaira, kayanmu sun cika kuwa?" Wata mai sayar da lemo da ke kallo ta tambayi Lawali da Faransanci ko rigima ce tsakaninsu. Ya yi murmushi ya ce a'a, ƙauna ce irin ta garinsu.

Muka haye gada zuwa Tireshibil, unguwar Aras, inda yake zaune a gidajen bene. Shi a sama yake, don haka ya roƙi wata maƙwabciyarsa ta ƙasa ta ba mu ɗaki. Tsohuwa ce Kirista, ana ce mata Maman Akisi, ita ma gwiwa ta sa ta gaba. Amma ita fa ba ta ɓoyewa. In za ta tashi daga kujera sai duk benen ya sani, tana nishi tana kiran iyayenta, maƙwabta na amsawa ta tagogi, "Yako! Yako, Maman!" Yako ɗin nan ita ce sannunsu, kuma ba sa rowarta. Yaya ta riƙe haɓa ta ce, "Babbar mace da jikoki tana raki haka a gaban yara? Allah ya sawwaƙe."

Wata al'adar tasu da ta ba ni mamaki, in ka je gidan mutum sai an ba ka ruwa ka sha, sannan a tambaye ka labari, ko da sun san abin da ya kawo ka. In za ka tafi kuma ba ka cewa sai an jima, sai ka roƙi hanya, su ce sun ba ka rabi don ka dawo. Abinci kuwa, Fanta matar Lawali, Bajula ce, ta yi ta ɗawainiya da mu. Na saba da aceke, wato garin rogo da aka turara, musamman in an haɗa shi da soyayyen kifi da barkono, wanda suke kira garba, kuma yawancin masu sayar da shi 'yan ƙasarmu ne. Aloko, soyayyar ayaba, na ci har na ji kunya. Amma ranar da Yaya ta tsoma cokali a miya ta ɗago ƙaguwa da ƙafafunta duka, ta ajiye cokalin ta ce a dama mata kunu.

Mutum ɗaya ce a gidan take iya wa Yaya: Mami, babbar 'yar Lawali. Sunan Yaya ta ci, shi ya sa uban ba ya iya kiran sunan. A Abijan aka haife ta, ta yi karatu, tana aiki a kantin magani. Hausarta a karkace take, amma bakinta ba ya mutuwa. In ta dawo aiki sai ta faɗo ɗakinmu ta ce, "Tsohuwa, ba ki mutu ba har yanzu?" Yaya ta ce, "Sai na ga aurenki, 'yar Faransa mai ƙafa kamar muciya." Wasan kaka da jika dai, babu kunya babu kara.

Ranar asibiti Lawali ya bar aikinsa ya kai mu, shi ne kuma tafinta, don Faransancina na cinikin kasuwa ne. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, amma idonta na kan komai. Ta duba hoton gwiwa ta girgiza kai, sannan ta ɗauko wani kwali mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har zuwa mai kuka, ta ce Yaya ta nuna wadda ta yi daidai da ciwonta. Lawali ya fassara. Yaya tana kallon taga ta ɗora yatsa a kan ta kusa da mai murmushi. Na ce, "Yaya!" Ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta mintsine ni a cinya har sai da na ga wuta.

Likitar ta yi bayani cewa ciwo a gwiwa yake tashi, amma a ƙwaƙwalwa mutum yake jin sa. Ta ce suna da na'urar da ke nuna wuraren da ke aiki a ƙwaƙwalwa lokacin da ciwo ya taso, kuma in Yaya ta yarda za a ɗauki hoton kanta kafin a fara magani, a sake ɗauka bayan an sha, a ga ko wani abu ya canja. Yaya ta ce da ni, "Ki tambaye su, ni mahaukaciya suka ɗauke ni?" Da ƙyar muka shawo kanta.

Kafin a shiga ɗakin na'urar sai an raba mutum da duk wani ƙarfe, don wai maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske. Aka cire 'yan kunne, aka cire awarwaro, aka zare allurar mayafi, sai ga makullan ɗakinta na Maradi a ƙulle a bakin zane. Har haƙorin Makka sai da suka tsaya suka yi shawara a kansa kafin su ce ba komai. Ni kuma na bi bayanta da jakata niƙi-niƙi, wani ma'aikaci ya daka min tsawar da ban taɓa sha ba tun ina amarya. Ta gilashi muka tsaya kallo. Aka kwantar da ita, aka toshe mata kunne, aka ɗaura wani abu a gwiwar da zai riƙa matsawa yana saki, gadon ya zura ta cikin wani rami fari. Ƙarar abin kamar injin niƙa. Duk lokacin da aka matsa gwiwar ina kallon yatsun ƙafarta suna lanƙwashewa, amma ko uffan. Da ta fito na ce yaya, ta ce ta ga kabari tun da ranta, ta karanta duk abin da ta haddace.

Aka ba ta ƙwayoyi aka ce mu dawo bayan 'yan makonni. A tsakanin nan na san gari. Fanta ta kai ni kasuwar Ajame na sayi atamfa, na ɓata a layin masu tukwane sai da wani mai goro ɗan Damagaram ya fito da ni. Ranar Juma'a mukan je babban masallacin Tireshibil, Yaya kuwa tana ɗaki. Kullum da safe Lawali zai sauko ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ya ƙafar?" Ita kuma ta amsa wa bango, "Da sauƙi sosai, alhamdulillahi." Ya tashi yana murna ya tafi aiki.

Ni da nake ɗaki ɗaya da ita na san babu wani sauƙi. Ina ganin yadda take bin bango za ta alwala, ina ganin ƙwayoyin sun hana ta cin abinci. Na ce zan gaya masa. Ta ce, "Mutumin nan ya bar aikinsa yana jigila da mu, ya hana iyalinsa sakewa. So kike in ce masa duk wahalarsa ta tashi a banza? In kika buɗe baki, ba ni ba ke." Kun san ni, na buɗe. Na tare shi a matakala na zayyana masa komai. Ya ce, "Inna, ke dai kina da tsoro. Ita da jikinta ta ce ta ji sauƙi." So yake ya yarda, ban ga laifinsa ba. Har ya fara zancen ranar da za mu koma gida. Na ce shi ke nan, mun sha wannan doguwar hanya don mu koma da gurguwa da ledar ƙwayoyin da ba sa yi mata komai.

Aka sake shigar da ita na'urar, bayan 'yan kwanaki muka koma jin sakamako. Likitar ta fara da kwalin fuskoki. Yaya ta ɗora yatsa a kan mai murmushi gaba ɗaya. Lawali ya washe baki yana godiya. Likitar ba ta yi murmushi ba. Ta juyo mana da allon kwamfuta, ga hoton kan Yaya guda biyu gefe da gefe, na farko da na yanzu, kowanne da ɗigo-ɗigon ja da rawaya a wasu wurare. Ko ni da ban yi boko ba na ga kusan babu bambanci.

Ta ce, Lawali na fassarawa, "Hoton nan ba alƙali ba ne. Yana iya kuskure, kuma maganar mara lafiya ita ce gaba da shi a wurina. Amma baki ya ce an warke, hoto ya ce ba abin da ya motsa, gwiwa kuma ga ta a kumbure. Ka sake tambayar min ita."

Ya sake tambaya. Yaya ta amsa wa taga, "Da sauƙi."

Likitar ta dubi uwar, ta dubi ɗan. Can ta tambaye shi wani abu, na ga ya sunkuyar da kai yana bayani a hankali. Daga baya ya gaya min cewa ta yi, tun zuwanmu na farko ta lura matar nan ba ta taɓa kallonsa ba, me ya sa? Ya ce shi ɗan fari ne, a garinsu uwa tana jin nauyin ɗan fari. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Kuma kai muka sa ka tambaye ta inda ke mata ciwo?" Ta roƙe shi ya fita. Kafin ya fita ta ce ya tambaye ni, duk gidan nan wane ne Yaya take zagi ba ta jin kunya? Na ce, "Mami!" tun bai rufe baki ba.

Aka yi mata waya, ta baro kanti ta zo da farar rigarta ta aiki. Likitar ta yi mata bayani, ta dubi allon, ta riƙe ƙugu.

"Tsohuwa, ashe maƙaryaciya ce ke? Ga kanki a talabijin ya tona miki asiri."

"Ke rufe min baki, mara kunya. Uban wa ya ce miki ƙarya nake?"

"To, tunda kin warke, bari in gani."

Ta durƙusa ta sa babban yatsa ta danna gefen gwiwar. Jama'a, Yaya Rabi ta kurma ihu! "Wayyo Allah na! Za ki kashe ni, ja'irar yarinya!" Tun da uwarmu ta haife ni ban taɓa jin wannan muryar ba. Ta kai wa Mami duka a baya, Mami ta goce tana cewa, "Yawwa, ci gaba, ina ne kuma?"

Shi ke nan bakin ya buɗe. Ta ce gwiwar dama kamar ana soka mata ƙusa, ta hagu kuma zugi take yi. Ta ce in ta daɗe a zaune sai su sandare, in ta taka sai ta ji ƙas-ƙas. Ta ce ƙwayoyin nan ban da ƙona mata ciki ba abin da suka yi. Ta faɗi shekarar da abin ya fara, ta faɗi rarrafen da take yi. Mami ba ta san zugi ba, ba ta san raɗaɗi ba, sai ni nake kwatanta mata da hannu da fuska, ita kuma ta juya wa likita, likita na ta rubutu. Ina yi ina share hawaye, don ko ni da nake kwana da ita ban san abin ya kai haka ba. Da ta gama Mami ta ce, "To, me ya hana ki faɗa tuntuni?" Yaya ta ce, "Ke yarinya ce. Yaya zan dubi abin da na fara haifa in ce masa ina jin ciwo?"

Na fito na sami Lawali a kan benci ya haɗa kai da gwiwa. Ya ji ihun ta ƙofa. Ya ce, "Inna, duk tsawon lokacin nan?" Na ce, "Duk." Ban ce masa ai na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo min har leɓe.

Daga ranar aka sauya komai. Aka zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar dama aka yi mata allura a ciki, aka canja magani, aka haɗa ta da masu gashi da motsa gaɓɓai, waɗanda a can ake ce wa kine. Aka ba ta sanda, aka koya mata motsa ƙafa safe da yamma. Lawali ya koma direba kawai, ya kai mu ya tsaya a waje, Mami ce tafinta. Wani maganin bai karɓe ta ba, ta faɗa a take, aka sake wani. Kai, Yaya fa ta gano daɗin ƙorafi! Sai ga ta da Maman Akisi a bakin ƙofa da yamma, kowacce ta miƙe ƙafa, ba mai jin yaren wata, wannan ta nuna gwiwa ta yi nishi, waccan ta ce yako, sannan su yi musaya.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Da fari daga gado zuwa ƙofa ba bin bango. Sannan zuwa bakin titi wurin mai garba. Wata Juma'a muna shiri sai na ga ta yafa mayafi ta ɗauki sanda, muka taka har masallaci muna hutawa a hanya.

Da aka ɗauki hoto na uku, likitar ta ƙi nuna mana allon sai da ta fara jin baki. Ta miƙo kwalin fuskoki. Yaya ta daɗe tana dubawa, ta tsallake mai murmushi, ta ɗora yatsa a kan ta kusa da tsakiya. Ta ce, "Ta hagu ta yi sauƙi ƙwarai. Ta dama tana taɓa ni da safe, amma in na motsa ta sai ta saki." Likitar ta tafa hannu, sannan ta juyo allon. Jan nan da rawayan sun ragu, sun tsuke, ba su ɓace duka ba amma ko makaho ya shafa ya san an samu canji. Ta ce yau baki da hoto sun yi magana ɗaya. Ta gargaɗe mu cewa guringuntsin da ya cinye ba zai dawo ba, sai an riƙe motsa jiki da magani, a riƙa zuwa asibiti a gida. Ni ban tsaya jin ƙarshen ba, na rangaɗa guɗa a ofishin nan har ma'aikata suka rugo suna zaton wani abu ya faru. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da na sauka Makka.

Ranar komawa, cunkoson Ajame ya hana tasi shiga tasha, aka sauke mu can nesa a bakin titi. Lawali ya ce mu tsaya ya nemo abin da za a ɗauki Hajiya. Kafin ya juyo Hajiya ta yi gaba. Sanda a hannu, mayafi a kafaɗa, tana ratsa masu tura kaya da masu talla, har da ɗaga wa wata baka sanda ta tsaya mata. Ni ce a baya da jaka ina haki ina cewa, "Yaya, ki jira ni mana!" Ta isa motar, ta kama ƙarfen ƙofa, ta hau da ƙafarta, ta zauna a bakin taga.

Da na hau na leƙa waje, sai ga Lawali tsaye a tsakiyar tasha, ƙato da shi da furfurarsa, yana kuka wiwi, Mami na jan hannunsa. Yaya ba ta waiga ba. Idonta na kan bayan kujerar gaba. Direba ya tayar da mota, sannan ta taɓo ni.

"Zuwaira, ki gaya wa wancan ya bar kuka a gaban mutane. Ki ce masa ƙafar da sauƙi." Ta sake taɓo ni. "Ki ce masa wannan karon ba don kara na faɗa ba."

Na zura kai ta taga na faɗa masa da iyakar muryata, yadda duk Ajame za ta ji.